Tarin yaro a lokacin hunturu: me ke faruwa a cikin ƙirji, kuma wane tari ne abin tsoro?

Tambayar ta zo daga wata uwa a Tawa. Ta ce ɗanta mai wata 14 bai rabu da tari ba tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa, tari mai ƙarfi da ke hana gida barci, amma yana cin abinci, yana wasansa. Ɗan maƙwabciyarta kuwa, wanda tarinsa bai taka kara ya karya ba, kwana 3 kawai ya yi, Allah ya karɓi abinsa. Tsofaffi sun ce sanyi ne ya shiga haƙarƙarinsa, wasu sun ce beli ne. Tana so ta san yadda numfashi yake aiki a cikin jiki, da yadda za ta gane tarin da ake kai wa gidan likita da gudu.

Malama, Allah ya ba maƙwabciyarki haƙuri, ya sa mai ceto ne, naki kuma Allah ya ba shi lafiya. Abin da kika lura da shi gaskiya ne, kuma yana da dalili a halittar ƙirji. Jijiyoyin da ke tayar da tari sun fi yawa a maƙogwaro da manyan hanyoyin iska. Can ƙurya, inda iska ke haɗuwa da jini, kusan babu su. Shi ya sa mura da ta tsaya a sama take iya cika gida da ƙarar tari, cutar da ta sauka ƙurya kuma ta riƙa cin yaro a ɓoye da ɗan tari kaɗan. Abin da ke tona asirinta shi ne saurin numfashi da motsin ƙirji. Bari mu bi iskar daga hanci har inda take tsayawa, sai ki ga dalili.

Idan kina so ki gani da idonki, ki tsaya kusa ranar Layya idan an feɗe rago, ko ki ce wa mahauci ya kawo miki huhu tare da maƙogwaronsa. Ki taɓa bututun: za ki ji zobba-zobba na guringuntsi, ta baya kuma inda ya jingina da hanyar abinci babu guringuntsi, nama ne mai laushi. Ki sa a hura iska a cikinsa, za ki ga huhun da yake a yamutse ya buɗe ya yi haske, a saki ya koma da kansa. Ki yanki ɗan guntu ki jefa a ruwa, zai taso sama saboda iskar da ke cikinsa. In aka yi dace ragon ya taɓa ciwon huhu, za ki ga wani sashe ya yi duhu ya yi tauri kamar hanta, shi kuwa nutsewa yake yi. Ki riƙe wannan sashen a ranki, za mu dawo kansa. Huhun mutum bai bambanta da wannan sosai ba, sai dai na dama yana da ɓangare 3, na hagu 2, don zuciya ta ci wani wuri a hagun.

Babba yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti idan yana zaune, kowane ja kamar rabin lita, wato cikin ledar ruwan sha ɗaya. A wuni da kwana ya haura lita 10,000, kwatankwacin jarka 400 irin mai lita 25 da ƴan ga-ruwa ke turawa. Duk wannan iskar, da ƙurarta da hayaƙinta da ƙwayoyin cutarta, sai an tace ta.

Hanci ne matata ta farko. A kowane ɓangarensa akwai ƴan ƙasusuwa 3 naɗaɗɗu, lulluɓe da fata mai laima wadda jini ya cika. Iska tana kewaya su, ta ɗauki ɗumi da laima, manyan ƙwayoyin ƙura su manne a majina. Kafin ta kai ƙurya ta yi ɗumin jiki, ta jiƙe sarai. Daga Nuwamba zuwa Maris aikin nan yana yi wa hanci yawa. Iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga Sahara, mai yawa daga kwarin Bodele na arewacin Cadi, laimar iska kuma ta faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Fatar cikin hanci ta bushe ta tsage, shi ne haɓon da yara ke yi a wannan lokaci. Masana suna ganin wannan rauni yana cikin abin da ke ba ƙwayar sanƙarau ƙofar shiga jini, domin annobarta a ƙasashenmu a rani take tashi, ta kwanta da saukar damina. Ƙurar da ta haura mikuron 10 (mikuron ɗaya kashi 1 ne cikin 1000 na milimita) yawanci a hanci take tsayawa. Wadda ba ta kai mikuron 2.5 ba, irin ta hayaƙin itace da hazo mai laushi, ita ce ke wucewa har ƙurya. Rawani da mayafi suna tare yashi da babbar ƙura, wannan kuwa ratsa su take yi.

Jariri a watanninsa na farko ta hanci ya fi numfashi. Majina kaɗan ta ishe ta hana shi kama nono, ya riƙa saki yana kuka. Maganin wannan ɗigon ruwan gishiri ne na farmasi, 2 ko 3 a kowace ƙofa kafin shayarwa, a goge. Kada a ɗiga mai ko man shanu a hancin jariri: mai yana silalewa cikin huhu ba tare da ya tayar da tari ba, ya zauna ya haddasa kumburi mai wuyar warkewa.

A bayan baki hanyar iska da ta abinci suna gamuwa su gitta juna, kuma nan ne wuri mafi haɗari a tafiyar. Ƙofar iska tana gaba, daidai zakaran wuya, da wani marfi na guringuntsi mai siffar ganye a kanta. Duk lokacin da aka haɗiya, maƙogwaro ya ɗaga sama, marfin ya rufe, numfashi ya tsaya na ɗan lokaci. Yaron da ake yi wa ɗura, an kwantar da shi an toshe masa hanci yana kuka, dole ya ja iska ta baki alhali bakin cike yake da kunu. Kunun sai ya bi iska. Bayan kwana ɗaya ko biyu masassara ta tashi, a ce sanyi ne. Ina roƙon iyaye mata su bar ɗura kwata-kwata, ko ta kunu ce ko ta magani.

Beli kuma ɗan tsokar nan ne da ke reto a ƙarshen ganɗa, kowa da shi aka haife shi, yana taimakawa wajen rufe hanyar hanci idan ana haɗiya. Idan maƙoshi ya kumbura shi ma yakan yi ja ya kumbura, sai a ɗora masa laifi. Ba ya sa ciwon huhu, yanke shi kuma ba ya warkar da tari. Abin da yankan ke jawowa shi ne zubar jini, da jinin da ke gangarawa hanyar iska, da ƙin cin abinci saboda zafi, da cutar da askar da ba a dafa ba ke ɗaukowa, ga kuma kwanakin da aka ɓata kafin a je gidan likita.

Bututun da ke ƙasa da zakaran wuya tsawonsa santimita 10 zuwa 12 ne a babba, faɗinsa kusan santimita 2, da zoben guringuntsi 16 zuwa 20 da ke hana shi rufewa. Na jariri faɗinsa milimita 4 zuwa 5 ne, bai kai kaurin fensir ba. Ki lura da wannan lissafin: idan bangon bututu mai milimita 4 ya kumbura da milimita 1 ta ko'ina, ramin ya koma milimita 2, filinsa ya ragu zuwa rubu'i, wahalar tura iska kuma ta ninka sau 16. Kumburin nan a wuyan babba dushewar murya kawai zai sa. Wannan ne dalilin da ya sa murar da uba ke yawo da ita kasuwa take kwantar da jaririnsa.

A tsakiyar ƙirji bututun ya rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa, haka har kusan sau 23, kamar itacen gawo da aka kifa saiwa sama. Reshen dama ya fi faɗi, ya fi miƙewa, don haka gyaɗa ko aya ko ƙwayar wake da yaro ya shaƙa can ta fi faɗawa. Yaron da yake lafiya ƙalau, ya ƙware yana cin gyaɗa, daga nan tari ya ƙi ƙarewa ko ƙirji ya riƙa fito ta gefe ɗaya, a faɗa wa likita zancen gyaɗar ko da an yi makonni, domin sau da yawa ba ta fitowa a hoton ƙirji. Gyaɗa ɗaiɗaya ba abincin yaron da bai kai shekara 4 ko 5 ba ce, a daka ta.

Bangon waɗannan rassa yana da shara tasa. Majina siririya ta lulluɓe shi, a ƙarƙashinta kuma wasu ƴan gashi da ido ba ya gani suna kaɗawa fiye da sau 10 a daƙiƙa, duk suna turawa sama. Majinar tana tafiya kamar santimita 1 a minti, ɗauke da ƙura da ƙwayoyin cuta, ta iso maƙoshi a haɗiye ta ba a sani ba, ciki ya kashe abin da ke cikinta. Busasshiyar iska tana sa majinar ta yi kauri ta daina gudu. Hayaƙin itace, na taba, na shisha, na turaren wuta da na maganin sauro mai ci da wuta yana gurgunta gashin. Ƙwayar mura tana kankare su, sai an yi makonni kafin su dawo, shi ya sa tari ke daɗewa mako 2 ko 3 bayan mura ta wuce. A wannan tsakanin tari ne kaɗai tsintsiyar da ta rage. Ruwan maganin da ke danne tari ƙwace tsintsiyar yake yi, mai kodin a ciki kuma yana iya rage wa yaro numfashin kansa. Yawan shan ruwa da nono ya fi su amfani, da ƙaramin cokali na zuma ga wanda ya haura shekara 1. Wanda bai kai shekara ba ba a ba shi zuma.

Ƙarshen rassan ƴan jakunkuna ne cunkus kamar zangarniyar dawa, kowace faɗinta kusan kashi 1 cikin 5 na milimita. Babba yana da miliyan 300 zuwa 500. Da za a ɓare su a shimfiɗa, za su rufe fili mai mita 7 a mita 10. Kowace jaka ƙananan jijiyoyin jini sun nannaɗe ta, tantanin da ke tsakanin iska da jini kuma bai kai mikuron 1 ba. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ce, wadda muke fitarwa kashi 16, ta kuma kwaso kashi 4 na kabon-dayoksaid, wato dattin aikin jiki. Ba a tura komai da ƙarfi a nan: kowace iska tana ratsa tantanin daga inda take da yawa zuwa inda take kaɗan. Ƙwayar jini ba ta cika daƙiƙa ɗaya a gefen jakar ba, amma a sulusin wannan lokaci ta gama cika. Cikin jakunkunan akwai wani ruwa mai santsi kamar na sabulu da ke hana su mannewa idan iska ta fita. Ɗan tayi yana fara yin sa ne wajen mako na 24 zuwa 28, bai wadata ba sai wajen mako na 34 ko 35, kuma rashinsa ne ke sa bakwaini nishi da shan wuya tun sa'o'in farko. Yawancin jakunkunan ma bayan haihuwa ake gina su, musamman a shekara 2 zuwa 3 na farko. Ɗanki yanzu huhunsa ginuwa yake yi, hayaƙin da ya shaƙa a bana yana iya rage masa abin da zai rayu da shi har tsufa.

Huhu ba shi da ƙarfin jan iska da kansa. Aikin zugazugin maƙeri ake yi masa. A ƙarƙashinsa akwai faffaɗar tsoka mai siffar kifaffiyar ƙwarya da ta raba ƙirji da ciki. Idan ta ɗaure sai ta sauka santimita 1 zuwa 2, a dogon numfashi har kusan 10, tsokokin tsakanin haƙarƙari su ɗaga ƙirji, wuri ya buɗe, iska ta faɗa ciki. Fitarwa saki ne kawai, huhu ya koma da kansa kamar na ragon nan. Tsakanin huhu da haƙarƙari akwai tantani biyu da ɗan ruwa a tsakaninsu, suna zamewa a kan juna. Naman huhu ba ya jin zafi, tantanin da ke manne da haƙarƙari shi ke ji. Idan kumburi ya iso shi sai kowane numfashi ya zama suka, daga nan sunan ciwon haƙarƙari ya samo asali. Ƙashin lafiyarsa lau, cutar tana ciki, tsaga ko sakiya a fata ba su isa inda take ba.

Umarnin numfashi daga gindin ƙwaƙwalwa yake fitowa, can wajen ƙeya. Wurin yana auna kabon-dayoksaid da tsamin jini dare da rana, wasu ƴan ma'aunai a jijiyoyin wuya kuma suna auna oksijin. Da lissafi ya karkace sai a ƙara sauri, ko mutum yana barci.

Yanzu mu koma ga sashen nan mai kama da hanta. Ciwon huhu, namoniya, shi ne ƙwayar cuta ta tsallake hanci da majina da gashi ta isa jakunkunan. Mafi shahara ita ce nimokok, wadda ke zaune a bayan hancin yara da yawa masu lafiya, tana jiran mura ko ƙyanda ko yunwa ko hayaƙi su buɗe mata hanya. Jiki ya aiko da mayaƙansa, jakunkunan su cika da ruwa da mugunya. Jini yana ci gaba da wucewa ta wurin amma ya koma zuciya hannu rabbana. Huhun ya yi tauri, ba ya buɗewa da sauƙi, sai yaro ya koma gajeren numfashi mai sauri. Haƙarƙarinsa kuma guringuntsi ne mai laushi, don haka idan tsokar ƙasa ta ja da ƙarfi, maimakon huhu ya buɗe sai ƙasan ƙirjin ya lotsa ciki. Ga shi jikin jariri, gwargwadon nauyinsa, yana cin oksijin kusan ninki biyu na babba, tsokokinsa kuma suna saurin gajiya. Kwana 3 sun isa. Tsofaffi ba su yi kuskure gaba ɗaya ba da suka ambaci sanyi: lokacin ɗari ne hanci ke bushewa, ake cunkushewa a ɗaki ɗaya a rufe taga a hura wuta. Sai dai mai kisan ƙwayar cuta ce, kuma tana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 ciwon huhu ya kashe yara ƴan ƙasa da shekara 5 fiye da 740,000, kashi 14 cikin 100 na mace-macen masu wannan shekaru.

Ga aikin da nake so ki iya, ya fi kowane magani da za ki ajiye a ɗaki. Ki bari yaron ya natsu, yana barci ko yana kwance a cinyarki, ba ya kuka, ba ya shan nono. Ki ɗage rigarsa, ki sa agogon wayarki, ki ƙirga tashin cikinsa har minti ɗaya cikakke. Tashi da sauka ɗaya ne. Kada ki ƙirga rabin minti ki ninka, numfashin jarirai yana gudu yana tsayawa. Idan bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye sauri ne. Daga wata 2 zuwa wata 11, 50 ko fiye. Daga shekara 1 zuwa 5, inda ɗanki yake, 40 ko fiye. In ya kai, ki sake ƙirgawa, in ya tabbata ki kai shi CSI, wato gidan likitan gwamnati na kusa da ke, a ranar, kada ki jira gobe. Sannan ki dubi ƙasan haƙarƙarinsa daidai lokacin da yake jan iska. A mai lafiya ƙirji da ciki tare suke tasowa. In ƙasan ƙirjin yana shiga ciki a kowane ja alhali yaron a natse yake, cutar ta yi nisa.

Akwai alamun da ba a tsayawa ƙirga komai: ya kasa sha ko kama nono, yana amai da duk abin da aka ba shi, ya yi jijjiga, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, yana nishi a kowace fitar numfashi, kansa yana gyaɗawa tare da numfashi, wata ƙara mai kaushi tana fita daga wuyansa idan ya ja iska, ko harshe da cikin leɓe sun yi duhu. Wannan na babban asibiti ne mai oksijin, ko tsakar dare ne. Jaririn da bai kai wata 2 ba, da wanda tamowa ta kama, kowace alama a jikinsu babba ce. Mai tamowa yana iya ɗauke da ciwon huhu ba masassara, ba saurin numfashi, don ƙarfin yin su ma ya ƙare.

A gidan likita za a maƙala masa wani ɗan ma'aunin oksijin a yatsa. Mai lafiya yana nuna 95 zuwa sama, ƙasa da 90 yana bukatar oksijin. Za a kuma gwada jininsa, kuma kada ki ga kamar ɓata lokaci ne. Kusan duk oksijin a kan himogulobin take hawa, wato jan sinadarin da ke cikin ƙwayoyin jini. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini zai yi haki ko da huhunsa garau yake, domin motocin ɗaukar kaya ne suka ƙare. Ki riƙa duba tafin hannunsa da cikin fatar idonsa. Mai amosanin jini kuma idan ya haɗa ciwon ƙirji da masassara, ba a jinkiri da shi.

Maganin ciwon huhun da bai yi tsanani ba amoksisilin ne, sau 2 a rana, gwargwadon nauyi, miligiram 40 ga kowane kilo a kowane sha. Da ƙwaya mai miligiram 250 da ke narkewa a ruwa, yaro mai kilo 10 zuwa 14 yana shan 2 da safe 2 da dare, yawanci kwana 5. Na kawo adadin ne don ki ga cewa kafso ɗaya ko biyu da ake saye a tiren mai talla ba magani ba ne, koya wa ƙwayar cuta jure magani ne. Ma'aikacin lafiya shi zai auna yaron ya rubuta. A cinye kwanakin ko ya warware, a koma bayan kwana 3 a sake ƙirga numfashi, ko kafin nan in ya ƙara tsananta. Mura kuwa, wadda numfashinta bai yi sauri ba, amoksisilin ba ya taɓa ta ko kaɗan.

Ba kowane haki ne namoniya ba. Ƙananan rassan da ba su kai milimita 1 ba ba su da guringuntsi, tsoka ce ta zagaye su. A mai asma, ƙura ko hayaƙi ko sanyin asuba yana sa bangonsu ya kumbura, tsokar ta shaƙe, iska ta shiga amma fitarta ta yi wuya, a ji fito a ƙirji. Tarin da ke dawowa kowane hunturu, ya fi tsanani da dare, ya kamata a duba shi ta wannan fuska, kuma abin da kika faɗa game da ɗanki ya isa a saurari ƙirjinsa. Maganin shaƙa irin Ventoline ba ya kama mutum ya zama ba ya iya rabuwa da shi, wannan jita-jita ce da ta cuci yara da yawa. Yaro ƙarami ba ya iya daidaita fesawa da jan iska, sai a haɗa masa da mazubi. Inda babu na farmasi, gorar roba mai rabin lita da aka huda gindinta daidai bakin maganin tana yin aikin: a girgiza, a fesa sau ɗaya, ya ja numfashi 5 ko 6 ta bakin gorar, sannan a sake. Ƙaramin da bai iya kama bakin gora ba sai an haɗa masa da abin rufe hanci da baki.

Tarin da ya wuce mako 2, da rama, da zufar dare, na yaro ko na babba, a gwada shi don tarin fuka. Maganinsa wata 6 ne, kuma kyauta ake ba da shi a Nijar. A nan ina tuna samarin Adar da ke tafiya haƙar zinariya Jado da sauran wurare. Ƙurar dutsen da ake fasawa a busashe tana sauka jakunkunan huhu, jiki ya kasa narkar da ita, wurin ya zama tabo har abada, ya kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Wanda ya dawo daga can da tari a gwada kakinsa kafin ya kwana ɗaki ɗaya da yara.

Wani haɗarin na daren ɗari ne. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki, na kasko ko na shayi, yana fitar da wata iska marar wari marar launi wadda ke kama himogulobin fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri da amai a tare, a fitar da kowa waje nan take, a nufi asibiti, a kuma faɗi cewa an kwana da gawayi, domin ma'aunin yatsa yana nuna lamba mai kyau a irin wannan guba. Injin wuta a cikin ɗaki ko zaure haka yake.

Game da naki: ki ɗauko katinsa na rigakafi ki duba ko ya samu allurar mako 6, da 10, da 14, waɗanda ke ɗauke da Penta, mai kare cuta biyar, da ta nimokok da Nijar ta shigar a 2014, da ta ƙyanda a wata 9, ki kuma tambayi lokacin ta biyunta. In akwai gurbi, ana cike shi ko an makara. Ki ci gaba da ba shi nono. Idan za ki hura itace ki sauke shi daga goyo, ki ba wani ya riƙe shi ta inda iska ke fitowa, girkin kuma a fili ko a madafa mai taga, gas in da hali. A yayyafa ruwa kafin shara. Ranar da hazo ya rufe gari ya zauna ciki. Daren yau kuma, idan ya yi barci, ki ƙirga numfashinsa ki rubuta a bayan katin. Yaro mai shekarunsa yakan yi tsakanin 20 da ɗoriya zuwa 30 da ɗoriya. Gobe ki tafi CSI da katin da lambar da kika samu, ki faɗa musu tarin ya kai mako nawa da lokacin da ya fi tashi.